Bin Sawun Kajin Dutse a Bayan Gonata

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

An gama yankan acca a gonata da ke gindin duwatsu, gabas da Jos, idan an wuce Lamingo. Daga yau har faɗuwar ruwan fari na ɗora wa kaina aiki guda: in san yadda garken kajin dutsen da ke bayan gonar yake rayuwa, ina suke kwana, me suke ci, ta ina suke bi, sannan in ga ko za a iya fid da su daga rani ba tare da wutar daji da tarko sun ƙarar da su ba.

Ni mai kiwon salwa ne. Na daɗe da keji a bayan gida, irin salwar Japan ɗin nan da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom ta shigo da ita ƙasar nan a 1992. Na san ta ciki da bai: kwana 17 zuwa 18 ƙwai ya ƙyanƙyashe, mako shida zuwa bakwai ta fara yin ƙwai, kowanne wajen giram 10. Amma tsuntsuwa ce da aka raba da ƙasa tun kaka da kakanni. A kan waya take tsayuwa, ko kwanci ba ta cika yi ba, inji ne ke yi mata. Abin da nake so in gani shi ne 'yar'uwarta da ke cin gashin kanta a daji, wadda ba wanda ke zuba mata dusa.

Ga wanda bai san kazar dutse ba: ta fi salwa girma, ba ta kai makwarwa ba. Tsawonta kimanin santimita 25, nauyinta bai cika kai giram 200 ba. Jikinta ruwan ƙasa ne mai duhu da zane-zane, ƙafafunta ja, fatar da ta kewaye idonta ja, wutsiya a ɗage kamar ta budurwar kazar gida. Ana samunta tun daga Senegal har Habasha da Kenya, duk inda aka haɗa duwatsu da ƙananan itatuwa da ciyawa. Jos na zaune sama da mita 1,200 bisa teku, kuma duwatsu ne ko'ina, don haka gidanta ne sosai.

Baba, tsohon maharbin da muke maƙwabtakar gona, ya ce da yana yaro kowane tudu na da nasa garken, da asuba sai su riƙa amsa wa juna. Yanzu a wannan layin duwatsun garke ɗaya nake ji.

Kuɗin da na ware: ₦150,000. Madubin hangen nesa aro na yi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun kafa bukkar ɓuya tsakanin wani ɓaure da falalen dutse, fuskarta na kallon kwazazzabon da ruwa ke tsattsafowa. Ƙofar na baya, yadda zan shiga ta cikin gona ba tare da na ratsa gabansu ba. Na huda 'yan tagogi biyu a jikin zanar, daidai idon wanda ke zaune a ƙasa.

Zana huɗu ₦10,000, gofa da sanduna ₦3,000, igiya ₦1,000, ladan yaran da suka taya ni ₦4,000. Jimla ₦18,000.

Da na ce gobe zan shiga, Baba ya girgiza kai. "Malam, ka bar ta ta sha rana da raɓa tukuna. Kazar dutse ta san kowane dutse da kowane kara a wurin nan. In ta ga baƙon abu kuma ta ga motsi a ciki, ta bar maka wurin ke nan." Zan ba ta mako guda.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na yi sallar asuba a gona, na shiga bukka da sauran duhu. Na ji kukansu daga can sama. Ba su sauko ba. Agwada biyu kawai na gani suna shan hantsi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau na gan su da idona, kusa ƙwarai.

Gari na fara wayewa ɗaya ta soma: fito ne siriri mai hawa sama, wit-wit-wit, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Ta biyu ta karɓa, ta uku ta shigo, nan da nan dutsen duka ya ɗauka, har ba ka iya raba muryoyin. Suka yi shiru gaba ɗaya. Bayan ɗan lokaci sai ga kai ya leƙo daga tsaguwar dutse, ya tsaya cak, ya daɗe yana kallo. Sannan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga bakwai.

Saukowarsu abin kallo ce. Ba sa buɗe fiffike. Tsalle suke yi daga wannan dutse zuwa wancan, ƙafa biyu a haɗe, wutsiya na rawa a sama, su gangaro ta wurin da ni sai na kama da hannu. Da suka iso ƙasa suka shige ƙarƙashin ɓauren suna tonon busasshen ganye, suna ɗan gunaguni ƙasa-ƙasa wanda sai na kusa zai ji. A ganina wannan gunagunin ne ke riƙe garken wuri guda cikin ciyawar da ba sa ganin juna. Duk tsawon kiwon akwai guda a kan dutse, wuya a miƙe, ba ta cin komai. Can sai ta sauko, wata ta hau.

Ɗaya ta zo har kusan taku huɗu da zanar. Na ga facin da ke cikinta, ruwan goro sosai, wato namiji ne. Na mace ya fi haske, ya yi fari-fari. Na duba bayan ƙafarsa, babu ƙaimi. Wannan na cikin abin da ya raba su da makwarwa, wadda namijinta ke da ƙaimi har biyu a kowace ƙafa. Ya tsinci wani abu a gindin dutse, ya buga shi da ƙasa, ya haɗiye. Fara ce ƙarama.

Abin da ya kore su kukan shanu ne daga hanyar rafi. Mai gadin ta yi ƙara guda, gajeriya. Na zaci za su tashi sama kamar yadda makwarwa ke fashewa daga ciyawa da kaɗa fiffike. Ko ɗaya ba ta tashi ba. Suka runtuma a guje, kai a ƙasa, suka haye dutsen suka ɓace cikin ramuka. Wannan tsuntsuwa da ƙafa take tsira, fiffike sai ta rasa yadda za ta yi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Kyamarar daji ta iso, ta hannu ce, irin wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan abu mai ɗumi ya gifta. ₦48,000. Memori ₦6,500, batura takwas ₦4,800. Na ɗaure ta a jikin ɓauren.

Asabar, 7 ga Disamba

Na tarar da kyamara a mace. Da na sa memorin a kwamfuta na ga hotuna sama da 3,000, kusan duka na ciyawa.

Abin da ya faru shi ne hunturu ya sauko a farkon makon nan da iska mai ƙarfi. Idon kyamarar zafi da motsi yake ji a haɗe. Da rana ta gasa gambar da ke gabanta, iska kuma ta riƙa kaɗa ta, sai ta ɗauka dabba ce ke wucewa, ta yi ta ɗauka ba ƙaƙƙautawa har batura suka ƙare tun ranar Laraba. A cikin tarin nan hotuna uku ne masu amfani: tunku da tsakar dare, gafiya, da wutsiyar kazar dutse tana fita daga gefen hoto. Na yi sa'o'i ina tacewa, idona har ruwa yake.

Gyaran da na yi: na sassabe ciyawar da ke gabanta kai tsaye, tsawon taku uku, sauran na bari. Na sauko da ita zuwa taƙi ɗaya daga ƙasa, daidai tsayin tsuntsuwar. Na juya fuskarta arewa, tunda a wannan lokaci rana ta karkata kudu, ba za ta haske mata ido safe da yamma ba. Na rage mata saurin ji. Na sayi batura masu caji da abin cajinsu, ₦14,000, don na yar-da-an-gama ba za su fisshe ni ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Yanzu kyamara na aiki yadda ya kamata, kuma idan na haɗa hotunanta da abin da nake gani daga bukka, yinin garken ya fara fitowa.

Suna kwana a can sama, cikin manyan duwatsu. Bayan kukan asuba su gangaro gindin ɓaure. Daga nan akwai wani zirin ciyawa, gamba da kyasuwa da ba a taɓa nomewa ba saboda tsakuwa, faɗinsa bai wuce taku goma ba, tsawonsa kamar taku 150, ya miƙe har gefen gonar acca. Ta cikinsa suke bi. A bakin gonar suke tsintar accar da ta zube, amma ban taɓa ganin sun yi nisan da ya wuce taku biyar daga ciyawa ba, ko da kuwa tsabar ta fi yawa a tsakiya. Kurciya da hasbiya ne ke cin ta tsakiyar. Wajen ƙarfe tara su juya ta hanyar da suka zo, su yi zaman rana a inuwa. Da la'asar su sake fitowa, gab da magariba su yi kuka na biyu, su haye.

Wato tsakanin makwancinsu da abincinsu hanya ɗaya ce tak, kuma ciyawa ce busasshiya. Tun da na gane haka hankalina ya koma kan wuta.

Ruwa bai dame su yadda na zata ba. Sai a yi kwanaki kyamara ba ta kama su a bakin tsattsafin ba. Ina ganin raɓa da ƙwari da 'ya'yan itace na rage musu ƙishi.

Abin da ya fi burge ni wurin birgimarsu. A gefen wani suri akwai ƙasa mai laushi da 'yan ramuka faɗin tafin hannu. Da tsakar rana kowace ta kwanta a nata, ta tona da ƙafa, ta kwanta ta gefe ɗaya, ta riƙa watso ƙura da fiffike har ta shige cikin gashinta, ta juya ɗaya gefen, sannan ta miƙe ta girgije, ƙura ta tashi. Wankansu ke nan. Ƙurar na tsotse maiƙon da ya yi yawa a gashi, tana kuma rage ƙwarƙwata.

Da na koma gida na sayi tsofaffin daro biyu, ₦3,000, na cika su da yashi mai laushi haɗe da toka, na sa a kejin salwata. Tsuntsayen da inji ya ƙyanƙyashe, waɗanda ƙafarsu ba ta taɓa taka ƙasa ba, kafin in rufe ƙofa sun faɗa ciki suna birgima, har suna ture juna. Kwanciyar gefen nan ɗaya, watsa ƙurar nan ɗaya. Uwargida ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ashe abin na cikin jininsu." Daga yau yashi ya zama dole a kejina.

Asabar, 21 ga Disamba

Rana marar daɗi. Garken ya fito shida.

Na bi zirin ciyawar a hankali, na tarar da tarkuna biyar, duka na wayar birkin keke, an yi zarge an ɗaure a gindin gamba, daidai 'yan hanyoyin da tsuntsayen suka tattake. Wanda ya ɗana ya san aikinsa. A na huɗu na sami ta bakwai, mace, ta riga ta sandare, wayar ta shige wuyanta, ta tone ƙasar da ke kewaye da ƙafafu kafin rai ya fita.

Tunda ta riga ta mutu, na roƙi Baba ya buɗe ta mu ga abin da take ci. Ya zare 'yar wuƙarsa ya farke ta a kan dutse. Akwai acca, akwai 'ya'yan ciyawa iri-iri ƙanana, akwai gara da ƙafar fara, a cikin ƙundu kuma 'yan tsakuwoyi da take niƙa da su. Accar ba ta kai rabi ba. Ko a kakar da hatsi ke zube a ƙasa, daji ne ke ci da ita.

Baba ya san masu tarkon, yara ne uku na unguwar da ke ƙetaren rafi. Na ce kada a kai su gaban kowa, a kira mini su kawai. Suka zo suna rarraba ido.

"Kawu, wallahi ba mu san akwai mai su ba," in ji babbansu.

Na ce, "Ba su da mai su sai Allah. Nawa ake ba ku a kan guda?"

"Dubu ɗaya. Wani lokaci mu gasa."

Ban ga laifinsu can ba. Mu ma mun yi harbin tsuntsu da danƙo, kuma yaron ƙauye da ya kama nama da dabararsa ba ɓarawo ba ne. Damuwata da irin wannan tarkon ce a irin wannan wuri. Garke ɗaya ne, hanyarsa ɗaya, waya ba ta barci kuma ba ta zaɓe. Cikin mako biyu za a iya kwashe su kaf, kuma babu wani garke kusa da zai maye gurbinsu. Na nuna musu hotunan birgimar a wayata, suka yi ta dariya suna cewa a mayar.

Ga yarjejeniyar da muka yi: na ba su salwa shida daga kejina, biyar mata ɗaya namiji, na sa an haɗa musu ƙaramin keji, ₦9,000. Ƙwan nasu ne, su ci ko su sayar. Su kuma su cire wayoyi, su zama idona a kan ciyawar. Babban yana da waya, na ba shi lambata. Abincin salwar na watan farko a kaina.

Asabar, 28 ga Disamba

Sanyi ya kai maƙura, dare na sauka kusa da digiri 10. Garken bai fito ba sai da rana ta bugi duwatsu, suka jeru a kan falalen, gashi a bushe, suna shan ɗumi. Shida. Babu sabon tarko.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

An fara ƙone-ƙone a tuddan kudu, da dare ana hango layin wuta. Mun share kewayen zirin ciyawar, faɗin mita huɗu, har sai da ƙasa ta fito fes, muka kwashe abin da aka sassabe zuwa tsakiyar gona. Da yamma da iska ta kwanta muka ƙona bakin sharar ta waje, kaɗan-kaɗan, muna kashewa da ɗanyen ganye. Mutum huɗu, yini biyu, ₦3,500 kowane yini, ₦28,000; abinci ₦6,000.

Na je gaishe da mai unguwa da goro. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba hana kowa ƙuna na zo yi ba. Wannan ɗan zirin kawai nake roƙo a bar mini." Ya yi alkawarin zai faɗa. Na kuma je rugar da ke bayan tudu, muka zauna da Ardo. Shi ma ya fahimta. Kowa na da dalilinsa na wuta: makiyayi na son toho ya fito wa shanu, manomi na son share gona, masu farautar gafiya na son ta fito daga rami. Matsalar ita ce a watan Janairu ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, wanda ya ƙyasta ashana ba shi ke zaɓar inda za ta tsaya ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Na yi baƙuwa: 'yar wani abokina da ke karatun tsuntsaye a cibiyar A. P. Leventis da ke Laminga, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos, a gefen dajin Amurum mai kimanin hekta 300. A duwatsun Filato ne aka gano wani nau'in tsuntsun baiwar-Allah mai zama cikin duwatsu, wanda masana suka bayyana a 1998, don haka masu wannan ilimi ba sa raina tuddanmu.

Ta zauna a bukka har garken ya wuce, sannan ta ce mini, "Baba, ka san waɗannan ba dangin makwarwa ba ne na kusa?" Shekaru da yawa littattafai na jera su tare da makwarwa saboda kama. Da aka yi binciken ƙwayoyin gado sai aka ga danginsu na kusa su ne salwar daji ta nahiyar Amurka, kuma a duk Afirka 'yar'uwarsu ɗaya ce, wata mai zama a kurmin Yuganda da gabashin Kwango. Na daɗe ina juya wannan magana. Tsuntsuwar da yara ke sayarwa dubu ɗaya, zuri'arta a nahiyar nan gida biyu ne kacal.

Muna ratsa gonar acca ta durƙusa ta nuna mini wani sawu a ƙura, ƙarami, yatsu uku a gaba, babu alamar na baya. Ta ce na wata 'yar tsuntsuwa ce mai kama da salwa sak, masana na kiran jinsinta Turnix, amma ba salwa ba ce. Ita a wurinta mace ta fi namiji girma da kyan launi, ita ke kiran miji, in ta yi ƙwai namijin ne ke kwanci ya yi renon 'yan tsaki. Na sha tayar da irinta a gona, ta yi ɗan gajeren tashi ta faɗa ciyawa, ina ce mata salwa.

Salwar daji ta ainihi kuwa baƙuwa ce a yankinmu na Afirka ta Yamma. A Turai take haihuwa, da kaka ta ƙetare Bahar Rum da dare, wasu su ratsa Sahara su yi rani a ƙasashen Sahel. Tsuntsuwar da ba ta kai santimita 20 ba, wadda a gona ko tashi ba ta son yi. A gaɓar tekun Masar har yau ana kafa raga ana kama su idan sun iso a gajiye. Malamai da dama na ganin ita ce salwar da Alƙur'ani ya ambata tare da mannu a ƙissar Bani Isra'ila, a aya ta 57 ta Suratul Baƙara.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wuta ta zo jiya bayan azahar.

Babban yaran ne ya kira ni: "Kawu, ka zo, ta taso daga bayan tudu!" Kafin in iso a babur hayaƙi ya rufe duwatsu, shirwa sun cika sama suna shawagi a bakin wutar suna cafke farar da ke tashi. Na tarar da Baba da yaran uku da wasu samari biyu daga ruga, kowa da reshen ɗanyen ganye, fuska duk baƙi.

Sharar ta yi aikinta ta gabas da kudu. Wutar ta zo bakinta ta rasa abin ci ta kwanta. Ta arewa ne aka samu matsala. Akwai kurmin lantana, baƙon tsiron nan mai ƙaya da ya mamaye gindin duwatsu da yawa a nan, ƙarƙashinsa cike da busassun rassa. Da ta kama shi sai ta yi tsawo, iska ta ɗebi tartsatsi ta tsallake mita huɗun ta jefa cikin gamba. Muka koma tsakiyar zirin muka sare wata sabuwar hanya da adda cikin gaggawa, a nan muka tare ta gab da magariba.

Asara: kusan kashi ɗaya cikin uku na ciyawar, kuma ɓangaren da ke haɗe da duwatsu ne. Bukka ta ƙone ƙurmus. Ɓauren ya babbake ta gefe ɗaya. Kyamara ta tsira saboda ƙaramin yaron ya yanke igiyarta ya gudu da ita tun wutar na nesa, ba wanda ya sa shi. Ɗaya daga samarin ruga ya ƙone a dantse, na kai shi aka wanke aka ɗaure.

Da safen nan na bi tokar taku-taku ina neman gawa. Na ga ƙadangaru, na ga bushiya guda, ban ga tsuntsu ba. Da hantsi na ji kukansu daga sama, a rarrabe. Sun haye duwatsu tun wutar ba ta iso ba. Amma yanzu tsakanin gindin dutse da sauran ciyawar akwai fili baƙi ƙirin na kusan taku 40, ko kara babu.

Ba a san wanda ya cinna ba, kuma ban sa a bincika ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Kyamara a bakin gonar acca: kurciya, kurege, tunku. Kazar dutse ko ɗaya. Daga nesa na hango su sun zo bakin ƙunar, sun yi cirko-cirko, sun koma. Abinci na nan, ba sa iya zuwa gare shi.

Baba ya kawo shawara: a yi musu matakai. Muka tara rassan ƙaya da karan dawa da ragowar buntun acca, muka jera tsibi-tsibi a kan filin, tsakanin kowanne da na gaba taku biyar, kowane tsibi da rami a ƙarƙashi da tsuntsu zai shige. Ba a kashe ko sisi ba. Sabuwar bukka ₦7,500, tunda gofofin da suka rage sun yi amfani.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sun karɓi matakan. Kyamara ta kama su ranar Alhamis da safe: guda ta fito a guje ta faɗa tsibin farko, ta leƙa, ta ruga na biyu, sauran na biye ɗaya-ɗaya, ba a jere kamar da ba. Ƙetarewar da a cikin ciyawa ba ta ɗaukar minti biyu yanzu tana cin kusan rubu'in sa'a.

Sun koma biyar. Tsakanin tsibi na uku da na huɗu na sami tarin gashi a fige, babu ƙashi, irin aikin shaho. Tazarar wurin ta fi sauran faɗi saboda wani dutse da ya hana mu ajiye ƙaya. Na cike ta, na ƙara tsibi huɗu a wasu wuraren.

Toho ya fara leƙowa daga gindin gambar da ta ƙone, kore shar a cikin toka. Saiwarta ba ta mutu ba. Na roƙi Ardo a kau da shanu daga wannan ɓangaren, ya amince.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Biyar. Salwar yaran na ba su ƙwai uku zuwa huɗu a rana, sun fara sayar wa mai shayi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau: bukka ta farko ₦18,000, kyamara da memori da batura ₦73,300, daro ₦3,000, kejin yara ₦9,000, sharar wuta ₦34,000, sabuwar bukka ₦7,500. Jimla ₦144,800. Man babur ya kai kimanin ₦30,000, don haka na haura abin da na ware.

A 'yan kwanakin nan biyu daga cikin biyar, namiji da mace, suna ware kansu, suna makara a gindin wani dutse bayan sauran sun wuce. Kazar dutse a ƙasa take sheƙa, ɗan rami ne marar zurfi a gindin dutse ko ƙarƙashin ciyawa, ƙwai huɗu zuwa shida, 'yan tsakin kuma da sun bushe suke bin uwa. Na gaya wa yaran ko sun ga sheƙa kada su matsa, kada su taɓa, don sawun mutum na jawo tunku da karnuka. Kyamara za ta yi mana kallon daga nesa.

Abin da ke gaba: kafin azumi ya kama a farkon Maris za mu sare lantanar arewa mu tono saiwarta, mu faɗaɗa sharar wannan gefen zuwa mita takwas, na ƙiyasta ₦20,000. Da ruwan Afrilu zan raba gindin gamba daga ɓangaren da ya tsira in dasa a wurin da ya ƙone, in kuma buɗe ziri na biyu ta yammacin gona, ko da zai ci mini kunya biyar na acca, don garken ya sami hanya biyu. Baba ya ce akwai wani tudu wajen hanyar Fobur da yake jin har yanzu ana kuka a cikinsa. Za mu je da asuba ranar Asabar mai zuwa mu saurara. Idan akwai garke a can, sai in fara neman kuɗin kyamara ta biyu.